Shanun Huɗarmu da Motar Kwatano

A Malambil na tabbatar lallai na bar gida. Mun tsallake gadar kogin Kwara da hantsi, muka shiga ƙasar Benin, aka sauke mu a tasha. Na nemi teburin mai shayi na ce a haɗa mini da burodi, sai aka miƙo mini wani dogon abu mai tauri kamar sandar kiwo. Na kai masa haƙori, ya ƙi. Na sake kai masa, ya fasa mini dasashi. Wani mutum da ke zaune a ƙarshen benci, da farar shadda da carbi a hannu, ya yi dariya har da buga ƙafa.

"Tsoma shi za ka yi a shayin, ɗan'uwa. Kai daga jin Hausarka Bakano ne."

Na ce, "Daga Gwarzo nake. Ƙauyenmu Kutama."

"Allahu Akbar! Ni kakata 'yar Kabo ce, ta wajen Gammo. Ashe ɗan gida ne. Ina aka nufa?"

Na ce Kwatano, sayen mota. Ya ce sunansa Malam Tanimu, dillalin motoci ne, kuma yana da masauki a Zangon Kwatano. Kafin in sa hannu a aljihu har ya biya kuɗin shayina. Wallahi a lokacin ji na yi kamar addu'ar da aka yi mini a gida ce ta riga ni isowa.

Bari in faɗi abin da ya fito da ni, don kada a ce yawon banza Ya'u ya tafi. Ni direba ne. Na daɗe ina jan motar wani a hanyar Gwarzo zuwa Kano, kuma ba abin da ya ishe ni irin masu karɓar haraji. Ka fito tasha, a yanka maka tikiti. Ka kai kwanar Kabo, wani ya jefa maka katako mai ƙusa a gaba ya ce ina sitikarka. Ka shiga birni, wasu masu riga daban su ce waccan sitikar ta can ce, ta nan daban. Da yamma mai mota ya karɓi nasa, kai kuma ka koma gida da gajiya da warin mai. A cikin wannan hali na riƙa jin fasinjoji suna labarin Kwatano, wai gari ne da haraji bai dami kowa ba, mota kamar a ba ka kyauta.

Na kai wa yayana Hamisu maganar bayan an gama girbi. Shi ne babba a gandunmu tun rasuwar Baba. Na ce in da za a sayar da shanun huɗarmu guda biyu, in je in sayo a-kori-kura, in yi ta jigilar hatsi da albasa duk rani, kafin damina ai na mayar da shanu, ga kuma mota ta zama tamu. Yaya ya yarda. Inna ce ta ƙi. Mu asalinmu makiyaya ne, noma daga baya muka kama, kuma a gidanmu turke wayam abin kunya ne da ya fi rumbu wayam. Ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa leƙawa ta ga turken nan ba dabba ba.

Yaya ya durƙusa a gabanta ya ce, "Inna, ni na tsaya masa. Kafin a yi huɗa za ki ga shanu a turken nan, in sha Allahu."

Ta tashi ta shiga ɗaki. Da wannan alkawarin na fito, kuɗin shanu na ɗaure a lalita a ƙuguna.

Daga Malambil zuwa Faraku kujerarmu ɗaya da Malam Tanimu. Muna tafe muna cin karo da jerin motoci marasa lamba sun nufo arewa, ɗaya bayan ɗaya, ba iyaka. Na kasa haƙuri na tambaye shi, "Wai Malam, su mutanen nan ba sa son kuɗi ne? Me ya sa ba sa tsawwala haraji?"

Ya gyara zama, daga gani tambayar ta yi masa daɗi.

"Son kuɗi ne ya sa suka sassauta. Ƙasar 'yar mitsitsiya ce. Ba su da fetur, ba su da jama'a irin tamu. Auduga ce da su, sai bakin teku. To, mai 'yar rumfa a gefen babban kanti, yaya zai yi ya sami ciniki? Sai ya rage. Namu kwastan suna ɗora wa kaya nauyi, su kuwa suka sauke nasu, sai jiragen ruwa suka karkato nan. Su karɓi kaɗan a kan motoci masu yawa, ya fi su karɓi da yawa a kan 'yan tsiraru. Bari mu isa ka ga benaye. Duk sauƙin haraji ne ya gina su."

Na ce, "Kai, waɗannan sun yi hankali! Ina ma namu za su zo su ɗauki karatu."

A Faraku ya sake saya mini abinci, ya kuma nuna mini masallaci. Tun daga nan na fara kiransa maigidana.

Kwatano kuwa, gani ya kori ji. Zafin garin ba irin namu ba ne, zufa ce kawai ke bin jikinka, ka wanke riga ka shanya ta wuni ba ta bushe ba. 'Yan acaɓa masu riguna ruwan ɗorawa sun cika titi. A gefen hanya ana sayar da fetur a manyan kwalabe, aka ce mini namu ne na Najeriya ake tsallakowa da shi, na ce to madalla, ashe ba ni kaɗai ne baƙo ba. Ranar da aka kai ni bakin teku na tsaya daga nesa na yi ta salati, don ni ruwan da na sani shi ne na dam ɗin wajenmu, wanda kake hango mai kamun kifi a ɗaya gefen. Sannan filin motoci, can bayan gari. Tabɗi jam! Tun daga inda kake tsaye har inda idonka ya ƙare gilasai ne ke walƙiya. Masu wanki, masu yankan makulli, 'yan canji, masu abinci, kowa na cin arziki. Na ce a raina lallai maigidana bai yi ƙarya ba.

To, ga inda na yi tuntuɓe. A kasuwar shanu na tashi kafin in kama tuƙi, kuma dokar kara na sani. In baƙo ya zo da dabba ko da kuɗi, a hannun mutum ɗaya yake sauka. Shi zai ba shi wurin kwana, ya ci da shi, ya yi masa ciniki, ya ɗauki la'adarsa. In aka cuci baƙon, mai masaukin ne ya ji kunya, kuma shi zai biya. Saboda haka ka sauka a hannun mutum, sannan ka zagaya bayansa ka tambayi wani ko farashin nan daidai ne, wannan zagi ne. Ko Baba, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa yi ba. Ni kuwa na kwana a tabarmar Malam Tanimu, na ci tuwonsa. Wurin cike yake da direbobi Hausawa, muna gaisawa, muna sallah sahu ɗaya, amma ko sau ɗaya bakina bai buɗe na tambayi wani yadda ake fita da mota ba.

Ya samo mini a-kori-kura fara, tsohuwa amma injinta lafiya lau. Wannan kam ni na duba da kaina, ba wanda zai cuce ni a inji. Na tambaye shi, "Maigida, in na biya wannan, saura me?"

Ya ce, "Saura ka sha mai ka kama hanya. Komai na ciki, har ƙofar gidanku."

Na kwance lalita na zazzage masa. Ya ba ni makulli da takardu, ya ce zai leƙa Faraku ya dawo, sannan ya haɗa ni da ayarin da za mu tafi tare. Ya tafi, wayarsa ta daina shiga.

A bakin ƙofar filin akwai rumfar wata mai abinci, Hajiya Adiza, mutuniyar Jugu, dattijuwa mai jiki da murya. Hausarta da ɗan gargada, amma ba abin da ba ta iya faɗa da ita, har da zagi. A nan nake cin shinkafa ina jiran maigidana. Rannan na cika baki a gabanta, na ce ni dai na huta, zan shiga Gwarzo da motata ba wanda zai tambaye ni ko sisi.

Ta ajiye ludayi. "Wa ya faɗa maka?"

"Mai masaukina."

"Wayyo ɗana. Abin da ka biya na fitowa daga tashar jirgin ruwa ne kawai. Motarka kayan wucewa ce. Ba ta da izinin yin aiki a nan, ba ta da izinin shiga ƙasarku sai ka biya kwastan ɗinku. Shi ya sa ka ga araha. Harajin bai mutu ba, gaba ya yi, yana zaune a bakin iyakarku yana jiranka."

Na ajiye cokali. Ta kira wani direba Bakatsine ya faɗa mini abin da kwastan ke karɓa a kan irin motata. Ko turkenmu na da wasu shanun biyu, da ƙyar su isa.

Hajiya ta ce, "Me ya hana ka tambaya? Ga 'yan'uwanka ko'ina!"

Na ce, "Hajiya, a hannunsa na sauka."

Ta dube ni kamar za ta yi dariya kamar za ta yi kuka. Ta ce, "Allah sarki. Ashe har yanzu akwai irinku." Ta ɗebo soyayyen cukun nonon shanu guda biyu ta ɗora mini a kan shinkafar. Ƙamshin nonon nan ya tuna mini da ƙwaryar Inna, sai ga ni, ƙato da ni, ina share hawaye da hannun riga a gaban mutane.

Ana cikin haka sai labari ya zo ta rediyo cewa gwamnatinmu ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa daga farkon sabuwar shekara. Mai kuɗi ya yi ta maza ya fitar da nasa kafin a rufe. Ni da ba ni da na kwastan, ina zaune a kan bodin motata ina kallo har wa'adin ya wuce. Na zama mai motar da ba ta da gari.

Na kira Yaya na faɗa masa komai, ban rage ba.

Ya ce, "Kai lafiyarka ƙalau?"

"Ƙalau, Yaya."

"To, ai ruwa bai sauka ba tukuna."

Na ce ya ba ni Inna mu gaisa. Na ji takunsa, na ji ya yi mata magana, sai ya dawo ya ce tana lazimi. Duk zamana a can, kullum na nemi Inna tana lazimi.

Abin da na gani a watannin da suka biyo baya shi ya sauya mini tunani. Filin nan da ba ka samun wurin taka ƙafa ya koma kamar makabarta. Kwarori, wato Larabawan da ke da motocin, suka fara rufe ofisoshi. Masu wanki suka watse, 'yan canji suka naɗe tabarmi. Motoci na tsaye tayoyinsu na sacewa, iskar teku na cin fentinsu. Hajiya da take ɗora manyan tukwane a jere ta koma tukunya ɗaya, ita ma sai ta kai la'asar.

Wata rana ba ciniki, ina taya ta fifita wuta, na ce, "Hajiya, ashe duk arzikin nan ƙarya ne."

Ta ce, "A'a, kada ka ce haka. Da shinkafar direbobi na aurar da 'ya'yana, na je Makka, na gina gida a Jugu. In na ce sauƙin harajin nan bai yi mana rana ba, Allah zai tambaye ni. Amma ka duba da kyau. Duk motocin nan, ko noti ɗaya a nan aka ƙera? Masu kawowa ba namu ba, masu saye ba namu ba. Mu dai inuwa muka ba su suka yi cinikinsu. Ranar da naku suka tsawwala, muka ci. Ranar da suka rufe ƙofa, ga mu nan muna kallon juna. Kayan aro ba ya rufe katara, ɗana."

Ita ce kuma ta ce in daina zaman gadin mota. "Kai ba ka ce ka san shanu ba? Ga kara can a hanyar iyaka, kullum ana sauke shanun arewa. Je ka nemi abin da za ka ci."

Na je. Da na ji warin kashin shanu wallahi sai da zuciyata ta yi sanyi. Na tarar ana fama da wani jan bajimi ya ƙi sauka daga tirela, mutane sun taru suna ta dukansa. Na ce su dakata. Na hau, na yi masa magana irin wadda Baba ke yi wa namu, na sosa masa gindin wutsiya, na juya masa kai ya ga 'yan'uwansa a ƙasa, ya sauko da ƙafarsa. Mai shanun, wani dogon dattijo daga wajen Maraɗi mai suna Alhaji Mamman, ya ce, "Wanga mutum ɗan gidan shanu ne. Kai, mi kake yi a nan?" Daga ranar na zama mai kula masa da dabbobi duk zuwan da ya yi.

Zaman kara ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ina samun na abinci da na biyan kuɗin ajiyar mota, ina kwana cikin mutanen da muke jin maganar juna. Na koyi cin kifi da tuwon masara mai tsami, har na iya gaisuwa da yaren garin, mata na yi mini dariya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne nan ciniki bai tsaya ba. Na tambayi Alhaji, ya ce, "Mutane sun bar sayen mota, amma ba su bar cin nama ba." Shi kuwa tun daga garinsu har teku ba inda ba ya biyan haraji. Na ce ba ya jin haushi?

Ya ce, "Ina ji mana, in na biya ban ga komi ba. Amma ni ba wurin da babu haraji nika nema ba. Wurin da za ni samu ruwa a kwami, da inuwa, da mai saye, shi nika nema. Akwai wata kasuwa can wajenmu da suka ce sun yafe kuɗin shiga don mu zo. Muka je sau ɗaya, ba rijiya, shanu suka wuni da ƙishirwa. Wa ya koma?"

A karar nan Malam Tanimu ya same ni. Ya rame, shaddar ta koɗe. Da na hango shi jinina ya tafasa, na ɗauki igiyar shanu na nufe shi, ban ma san me zan yi da ita ba. Ya tsaya bai gudu ba. Ya ce nufinsa ya bi da ni ta hanyar daji tare da 'yan fasa-ƙwauri, kamar yadda ya saba yi wa wasu, sai al'amura suka lalace, shi ma masu bin sa sun kore shi daga Zango. Na ce, "Da ka faɗa mini fasa-ƙwauri ne, da ban taɓa lalitata ba. Ka ci amanar masauki, Malam." Ya sunkuyar da kai. Lokacin cin abinci ne, an ajiye mana kwano, kuma ni ban iya ci mutum na tsaye yana kallo ba. Na ce ya wanke hannu. Ban ce na yafe ba a ranar, sai daga baya, amma mun ci tare.

Sai ruwa ya sauka a Kwatano. Mutanen gari na murna an sami sanyi, ni kuwa hankalina ya koma gida. Na san damina daga kudu take tasowa tana hawa arewa. Wannan ruwan da ke dukan kwanon rumfa, shi ne zai je Kutama, kuma turkenmu wayam yake.

Na kasa cin abinci, Alhaji Mamman ya lura. Na ba shi labari tun daga Inna har zuwa motar. Ya ce in kai shi ya gani. Ya zagaya ta, ya sa na tayar, ya saurari injin.

"Wagga ba ta shiga ƙasarku, amma tana shiga tamu, don kayan wucewa ce. Ni ko ina bukatar ta ɗaukar harawa da dusa. Kuɗi ba ni da su a hannu, duk suna kan dabba. Amma in ka tuƙa mini ita har gida, ni ka biyan kuɗin rakiyar jami'ai a hanya da na kwastan ɗinmu, kai ko ka shiga garkena ka zaɓi shanun huɗa biyu. Ka yarda?"

Wannan karon na ce ya ba ni zuwa gobe. Na je na tambayi Hajiya, na tambayi Bakatsinen direban nan, na tambayi limamin kara. Sannan na dawo na faɗa wa Alhaji cewa na bincika shi, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya yi dariya ya ce, "Da ba ka tambaya ba, da na ce ba ka da wayo."

Hajiya ta ƙulla mini cuku a leda, ta ce in kai wa Inna, in ce daga wata 'yar'uwarta. Na durƙusa na yi mata godiya, ta ce in tashi kada in sa ta kuka a gaban abokan ciniki.

Haɗa ayari da takardu ya ci lokaci fiye da yadda na so. Da muka kama hanya, ni da damina muka shiga tsere. A Faraku masara ta kai gwiwa. A Malambil ƙasa a jiƙe take, ana shuka. Da muka wuce Doso na ga busasshiyar ƙasa, na ce alhamdu lillahi, na sha gabanta. Kafin mu kai Maraɗi azumi ya kama, hadari kuma na haɗuwa a gabas kowace yamma.

Alhaji ya cika alkawari. Na shiga garke na bi wuyan shanu ina shafawa, ina neman masu kantar karkiya, don ba ni da lokacin horar da sabo. Na sami biyu, ja da fari. Ba su kai namu na da girma ba, amma ƙafafunsu a miƙe suke, haƙoransu da saura. Samun motar da za ta ɗauke su ta tsallaka da mu ta Jibiya shi ma ya ja kwanaki. A nan na ji a bakin wani direba cewa an yi ruwan shuka a yammacin Kano tun makon jiya. Ban kira Yaya ba, na rasa da wane baki zan yi masa magana.

Tsakanin Katsina da Ɗayi an tsayar da mu ya fi a ƙirga, kowa da rasit ɗinsa. Ina biya ina dariya, har direban ya ce ko azumi ne ya taɓa ni. Ba wai na fara son masu karɓar harajin ba ne, har gobe ina ganin yawancin abin da suke karɓa ba ya komawa kan titi ko rijiya. Amma na daina mafarkin garin da ba a biya. In ka tambaye ni yau ko sauƙin haraji na gina gari, sai in ce yana kiran mutane kamar yadda kanwa ke kiran shanu. Suna zuwa da gudu kuwa. Amma in ba ciyawa da ruwa a wurin, suna gama lasa za su wuce.

Da hantsi aka sauke ni a bakin hanya, na kora shanuna na bi ta gonaki. Ko'ina an yi huɗa, kunyoyi a miƙe, wasu har gero ya tsiro. Gabana na faɗuwa na nufi gonarmu, don na san abin da zan tarar: ko dai tana nan a kwance ba a taɓa ba, ko kuma Yaya ya ari shanun maƙwabta, duk gari ya san ƙaninsa ya watsar da na gida.

Ba ko ɗaya. Daga nesa na hango mutum ɗaya a tsakiyar gona, a duƙe, ba riga, yana tayar da kunya da garmar hannu. Kusan rabin gonar ya huɗe, kunyoyin a karkace, irin na hannu. Cikin azumi, cikin ranar nan.

Na yi sallama. Ya ɗago, ya dube ni, ya dubi shanun. Ya jingina garmar a jikinsa.

Na ce, "Yaya, me ya sa ba ka ari na gidan Malam Audu ba? Ai ba za su hana ka ba."

"Sun kawo har gida, ba sau ɗaya ba."

"To, me ya sa?"

"In na ɗaure shanun aro a turken nan, na faɗa wa Inna ba za ka dawo da namu ba ke nan. Ni kuwa na ce mata za ka dawo."

Ya miƙo hannu mu gaisa. Da na kama tafinsa sai ya ɗan janye, na juya na duba: duk ya faffashe, ya ɗaure wani wurin da tsumma, jini ya bushe a jiki. Na riƙe hannun na kasa saki.

Ya ce, "Kai, sake ni, ba kuka na aike ka ba. Kora su gida Inna ta gani, a ba su ruwa. In rana ta yi sanyi ka ɗauko karkiya, sauran rabin naka ne."